Kafaɗar Inna da Wata Shidan Banki

Mahaifiyata man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli a Nahuce, tun kafin ta haife ni. Da wannan sana'a ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, da ita ta kai ni har kwalejin horon malamai, na zo na samu koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Gusau, inda nake aure. Wanda bai taɓa ganin yadda ake fitar da mai da hannu ba, ba zai san wahalarsa ba. A soya gyaɗa, a murje, a fece, a kai niƙa, a dawo a zuba a turmi. Daga nan a riƙa yayyafa ruwan zafi ana juyawa da taɓarya, ƙullun yana ƙara tauri yana riƙe taɓaryar kamar mai kokawa da kai, har mai ya taso. Sannan a kwashe a matse a kan dutse. Kusan duk wannan aiki kafaɗar dama ce ke ɗaukarsa.

Wata damina na je gida na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗaki, matar ƙanena tana ɗaura mata ɗankwali. Na tambayi abin da ya faru, Inna ta ce sanyi ne. Sai da muka keɓe matar ƙanen nawa ta gaya mini gaskiya: hannun ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, kuma duk ranar da Inna ta yi aikin mai sai an gasa mata wurin da ruwan zafi kafin ta iya kwanciya. Ita matar ƙanen nawa tana da ciki a lokacin, ba ta iya karɓarta a turmi.

Na san akwai injin da ke wannan aiki. Na sha ganinsa wurin masu walda a Gusau: tukunyar ƙarfe da abin juyawa a ciki, ana haɗa ta da ƙaramin inji mai shan fetur. Aikin da ke cin Inna wuni guda, shi kafin shayi ya huce ya gama. Na je na tambayi kuɗinsa. Ko da zan daina ci da sha, sai na tara albashina na kusan shekara. Mijina direba ne, yana jan bas tsakanin Gusau da Tsafe, motar kuma ba tasa ba ce, abin da yake samu iyakarsa tukunyar gida.

Ba wai babu masu ba da bashi ba ne. Suna nan birjik. Akwai wani Alhaji a kasuwar Tsafe da ke ba ka kuɗi yau, da kaka ka biya shi da buhunan da sun ninka abin da ka karɓa. Akwai na waya, waɗanda ba sa tambayar komai sai lambarka. Wata abokiyar aikina ta ci nasu, da ta makara suka tura wa duk wanda ke cikin wayarta saƙo cewa ɓarauniya ce, har da surukinta. Ko da ma ban tsorata da waɗannan ba, Inna ta riga ta yanke magana.

"Ni ba ni cin riba, kuma ba ni ba da ta," in ji ta. "In wanga inji sai da kuɗin ruwa, a bar ni da taɓaryata."

Shi ya sa da na ji a rediyo wani banki na cewa yana da tsari na masu ƙananan sana'o'i, babu kuɗin ruwa, su za su sayi kayan aikin su sayar maka da 'yar riba sananniya, kana biya a hankali, sai na ji kamar da ni suke. Na nemi izini a makaranta, na sa mayafina na fita unguwa, na tafi.

Wanda aka haɗa ni da shi wani matashi ne mai fara'a, da farar riga da agogo mai kyau. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Sannan ya fara tambaya. Inna tana da asusu? Na ce a'a. Ni fa? Na ce ina da shi amma a hannu ake biyan mu albashi, ba abin da ke shiga. Takardar fili? Na ce gonar gado ce, kowa a garin ya san iyakarta, amma babu takarda. Ta taɓa cin bashi a wani wuri ta biya?

Nan na gyara zama, don na zaci an zo inda za mu yi nasara. Na ce, "Yallaɓai, mahaifiyata ba ta taɓa cin bashin kowa ba. Ko gyaɗa ba ta karɓa sai da kuɗi a hannu. Ka je Nahuce ka tambaya."

Ya yi murmushi ya ce, "To Malama, ai matsalar ke nan. Ba ta da tarihi."

Na ce wane irin tarihi? Ya ce tarihin mu'amala. In mutum ya taɓa cin bashi ya biya, na'ura za ta nuna. In bai taɓa ba, na'ura ba ta san shi ba. Na ce tana cikin adashi tun ina goye, ba ta taɓa tsallake zubi ba, uwar adashin tana nan da ranta. Ya ce adashi ba ya shiga na'ura.

Wato matar da ta shekara talatin tana tsare mutuncinta don kada a ce ana bin ta, ita ce abar zargi. Da ta kasance mai yawon cin bashi, da yanzu an san ta.

Ya ce kada in damu, akwai hanya. A buɗe wa Inna asusu, duk cinikin da ta yi a riƙa zubawa a ciki, in za ta sayi gyaɗa a cira. Wata shida kawai. Ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa, "Amma kada ku riƙa kwashewa ƙarƙaf. A bar kuɗi su kwana. Manya suna son su ga asusu da nauyi."

Shawo kan Inna ya fi komai wuya. Ita kuɗinta a cikin wata tsohuwar samira suke kwana, ƙarƙashin gado. Ta ce, "Don mi za ni kai wa mutanen da ban sani ba kuɗina su riƙe? Su wa ad da su a garin nan?" Na yi ta lallashi, na ce wata shida kamar gobe ne, na ce ta tuna da kafaɗarta. Daga ƙarshe ta ce tunda ni na yi boko, ta bi.

Ranar da na kawo ta Gusau buɗe asusu, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar hannunta. Zafin tunkuza, wato ƙullun gyaɗar da ake matsewa, da na kasko sun shafe zanen yatsun sumul. Yarinyar da ke wurin ta sa ta goge da tsumma, ta sa ta hura, ta kama yatsan tana dannawa da ƙarfi kamar mai tatsar ƙurji, tana tsaki. Mutanen da ke layi suna leƙe. Inna ta sunkuyar da kai kamar wadda ta yi laifi. Da ƙyar ƙaramin yatsan hagu ya kama.

Daga nan na zama 'yar aike. Duk ƙarshen mako in hau mota zuwa Nahuce, in karɓo ciniki, Litinin bayan an tashi makaranta in bi layi in zuba. In za a sayi gyaɗa in sake bin layi in cira, in ba mijina ya kai wa kawuna na 'Yankuzo, wanda shi ke saya wa Inna gyaɗa a kasuwar Tsafe tun da can. Kuɗin mota daga aljihuna. Su kuma bankin kowane motsi sai sun ɗan gutsura: kuɗin saƙo, kuɗin kati, kuɗin kula da asusu, kuɗin abin da ban ma san sunansa ba. Kowanne ɗan kaɗan ne, amma mai ƙuli da ɗan kaɗan take rayuwa.

Da kaka ta yi, gyaɗa ta faɗo. A al'adar Inna, lokacin ne take juye duk abin da ke cikin samira ta sayi buhuna ta jibge a ɗaki, ta yi ta aiki da su har bazara. Ribarta ta shekara a nan take. Ta aiko a ce mini in ciro kuɗin duka. Na koma wurin matashin nan na gaya masa. Ya girgiza kai.

"In kuka kwashe yanzu, kun ɓata wata ukun da kuka yi. Ku riƙa saye kaɗan-kaɗan. In injin ya zo ai za ku mayar da abin da ya fi haka."

Shi da bai taɓa sayen tiyar gyaɗa ba, shi ya tsara mana yadda za mu yi kasuwancin gyaɗa. Muka bi, don a hannunsa abin da muke nema yake. Kawu ya bugo waya yana faɗa, ya ce bai taɓa ganin inda mai kuɗi ke kallon gyaɗa tana arha ya wuce ba. Muka sayi kaɗan, sauran kuɗin suka kwana, kamar yadda aka ce manya suna so.

Muna cikin wata na biyar takardar kuɗi ta ɓace a gari. Duk wanda ke ƙasar nan a lokacin ya san abin da nake faɗa. Aka canza kuɗi, tsofaffi aka ce a mayar, sababbi kuma babu su. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Jarin Inna kaf yana cikin banki, ina ganinsa a waya, lamba ce reras, amma ba ya taɓuwa.

Na bi layin da ban taɓa bin irinsa ba. Tun da sassafe za ka tarar an rubuta lamba a hannun mutane, rana ta take, a rufe ƙofa a ce kuɗi sun ƙare. Ranar da aka dace, abin da za a ba ka bai wuce kuɗin cefane ba. Na ga tsoho ya faɗi a layi, aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo yana tambayar ko an wuce lambarsa. Ta ƙofar baya kuwa muna gani ana fita da jakunkuna, mun san ba takardun makaranta ne a ciki ba. Masu na'urar cirar kuɗi na bakin titi suna da sababbin kuɗi, ban san inda suke samu ba, ko kuma in ce na sani. Sai ka sayi kuɗinka da kuɗinka, su yanke rabonsu mai tsoka, kana godiya.

A kasuwar Tsafe manoman da ke kawo gyaɗa daga ƙauyuka ba su san wani tiransifa ba. Mutum ya taso da buhunsa a kan babur ta hanyar da kowa ya san hatsarinta, ka ce masa ya duba waya? Wace waya? Dillalan da ke karɓar tiransifa kuwa farashinsu daban ne, kuma gyaɗar ta riga ta hau. 'Yar wadda muka saya da kaka ta ƙare. Turmin Inna ya kife, karo na farko tun ina yarinya ba don rasuwa ko salla ba. Masu sayen manta suka koma wani wuri. Gidan kuma dole a ci abinci, ga mai jego, don matar ƙanena ta sauka. Haka na riƙa sayen kuɗin Inna a bakin titi ina aika mata, jari yana narkewa ta sama da ta ƙasa.

Na samu na kutsa wurin matashin nan sau ɗaya a cikin wannan hali. Na ce ya taimaka a ba mu ko rabin kuɗinmu, shi ya ce mu ajiye. Ya buɗe hannuwa ya ce abin daga sama ne, su ma haka suka gan shi. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma na lura shi bai rame ba.

Da abubuwa suka fara lafawa, Inna ta koma aiki da abin da ya rage. Gyaɗa ta yi tsada, don haka sai ta ƙara yawan aiki kafin ta ga abin da take gani da. Kafaɗar da muke neman hutar da ita, ita ta biya wannan asara.

Wata shida suka cika har da ɗoriya. Na ɗauki Inna muka tafi tare, don na ce gara su ga hannun da idonsu. Matashin ya danna na'urarsa, ya daɗe yana kallo, ya juyo da fuskar tausayi.

"Malama, asusun nan ya yi rauni. Wata biyun ƙarshe kusan babu abin da ya shiga, fita kawai ake yi. Manya za su ce sana'ar tana mutuwa."

Na ce, "Wa ya kashe ta?"

Ya ce shi ba ya ce laifinmu ba ne, amma na'ura ba ta san dalili ba, lamba take gani. Ya ce mu ƙara wata shida, asusun ya farfaɗo. Ko kuma in samo ma'aikacin gwamnati babba ya tsaya mana, da takardar albashinsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, aikina ma lallashin yara ne, amma ranar duk wanda ke cikin bankin ya ji ni. Na ce kun karɓi kuɗin tsohuwa kun kulle, kun hana ta sayen gyaɗa da kaka, kun hana ta kuɗinta da rani, kuna yankar na saƙo da na kati a cikin abin da kuka hana ta, yanzu kuma ku ce ba ta iya sana'a ba? Na ce wata shidan nan ku kuka ci bashinta, ba ita ta ci naku ba, kuma ba ku biya a kan lokaci ba. Ku ina naku tarihin? Mai gadi ya matso. Wata ma'aikaciya tana cewa Hajiya a yi haƙuri, Hajiya a yi haƙuri. Wannan kalma ta haƙuri ta ƙara tunzura ni, don a ƙasar nan wanda aka cuta kullum shi ake ba ta.

Inna ce ta ja mayafina da hannun hagu. Ta ce, "Ɗiyata, zamna. Ba a faɗa a gidan mutane." Sannan ta dubi matashin ta ce, "Yaro, abin da ya rage nawa, a ba ni. Na yafe injin."

Ko wannan sai da muka cika takarda, muka jira, aka yanki kuɗin rufe asusu.

A hanyar komawa tasha muka biya ta wurin wata mai sayar da abinci kusa da sakatariya, don mu sauke mata jarkar mai. 'Yar kudu ce, Kirista, mijinta ma'aikaci ne, ta daɗe a Gusau har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Shekara da shekaru man Inna take saye, kuma ko lokacin wahalar kuɗi ba ta sauya ba, jira ta yi. Ta ga idona ta tambayi abin da ya faru. Na ba ta labari ina huci. Ta saurara tana juya miya, ba ta ce a yi haƙuri ba, ta ce, "Allah Ya isa." Sai ta tambayi kuɗin injin, na faɗa mata, ta ce ita ba ta da wannan, amma tana iya biyan kuɗin man wata huɗu gaba ɗaya, in Mama za ta rage mata wani abu a kowace jarka.

Inna ta ce wannan ciniki ne, ba riba ba ce. Suka yi ta ja-in-ja a kan ragin kamar yadda suka saba, har suka daidaita. Ba takarda, ba zanen yatsa. Ba kyauta ta yi mana ba, ta ci ribarta, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, abin da mai tuwo ta yanke a tsaye tana riƙe da ludayi, shi gini mai hawa biyu da na'urori ya kasa yankewa a wata shida.

Kuɗin mai abincin ba su isa ba. Inna ta sayar da tumakinta biyu, ni na sayar da keken ɗinkin da aka yi mini na aure, uwar adashi ta matso da kwasar Inna gaba. Da haka muka sayi inji na hannu, wanda wani ya gaji da shi. Yana aiki, yana kuma lalacewa, ƙanena ya koyi kwance shi da ɗaurawa. Mai abinci ta samu manta har wata huɗun suka cika, jarka ɗaya ba ta yi tsallake ba.

Bayan injin ya zauna na kai Inna asibiti a Gusau. Likita ya ɗaga hannun a hankali, Inna ta cije leɓe. Ya aika mu hoto, da ya duba ya ce jijiyar kafaɗar ta yage, kuma ba yau ba. Ya tambaye ni me ya sa ba a hutar da ita tun bara ba. Na ce masa muna jiran banki ne. Ya dube ni bai gane ba, ya ci gaba da rubutu.

Yanzu matar ƙanena ce ke tsaye a kan injin, Inna tana zaune a kan tabarma tana ba da umarni, tana mitar cewa ƙulin inji bai kai na turmi garɗi ba. Hannun dama ba ya kaiwa bakinta. Matar da ta yi mana tarbiyya da duka in muka miƙa hagu a cikin kwano, yau da hagu take ci. In an kawo abinci sai ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki, ta juya wa ƙofa baya. Jikokinta sun ɗauka rowa ce. Ni in na je nakan bi ta ciki in zauna, mu ci tare.